Suna ɗaya, ƙungiya biyu: fashin baƙi kan kundayen Vandenberg na ƙasar Holan

Idan mutum huɗu suka haɗu suka yi kiɗa har duniya ta san da su, amma sunan da ke jikin faifan na mutum ɗaya ne a cikinsu, ranar da suka watse wa ke da sunan? Idan kuma mai sunan ya dawo bayan shekara 35 da sababbin abokan aiki, ya saki sabon kundi da tsohon suna, ƙungiyar da aka sani ce ta dawo, ko wata ce daban ta ari rigarta?

Muhawarar da masu sauraron kiɗan rok ke yi ke nan tun 2020 a kan Vandenberg, ƙungiyar makaɗa daga Holan, ƙasar da mu muka fi sani da atamfa da madarar gwangwani da 'yan ƙwallo. Wanda ya rubuta sunan a manhajar sauraron waƙa zai ga manyan kundaye biyar a jere: na 1982, na 1983, na 1985, sai tsalle zuwa 2020 da 2023. Manhajar ba ta gaya masa abin da ke cikin wannan rami ba. Ba ta ce masa mutum ɗaya tak ne ya taka rawa a duka biyar ɗin ba, balle ta ce masa sunan kansa sai da ya je gaban alƙali.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kundi, ko albam, tarin waƙoƙi ne da ake fitarwa lokaci ɗaya ƙarƙashin take ɗaya. A zamanin da muke magana faifan garmaho ne mai fuska biyu, kowace fuska tana ɗaukar kamar minti ashirin. Wannan ƙuncin wuri ya sa ake tankaɗe da rairaya kafin waƙa ta samu gurbi. Kundin Vandenberg na farko waƙa tara ce kacal.

Salon da ake kira hard rock rok ne mai nauyi. Ginshiƙinsa jitar lantarki ce da ake ƙure wa ƙara har muryarta ta yi kaushi, sai jita mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗan, sai ganguna, sai mawaƙi mai ƙarfin maƙogwaro. Idan aka ce mai karin daɗi ne, ana nufin duk da nauyin an bar wa waƙar amshin da kunne zai kama tun jin farko, wanda mutum zai iya rerawa yana tafiya. A tsakiyar kusan kowace waƙa akwai gurbin da mawaƙi ke yin shiru, a bar mai jita ya yi nasa baitin da yatsu. Shi ake kira solo, kuma a wurin ne ake auna gwanintar makaɗi.

Shi kuwa glam metal, rabinsa kiɗa ne rabinsa kwalliya. A birnin Los Angeles na Amurka ya yi ƙarfi a shekarun 1980, a hannun ƙungiyoyi irin su Mötley Crüe da Ratt da Poison: gashi a tsefe ya yi sama, kaya masu ƙyalli, maza da kwalli a ido. Tashar talabijin ta MTV, wadda ta fara aiki a watan Agustan 1981, ita ta mayar da kamanni jari, domin daga lokacin waƙa ta zama abin kallo kafin ta zama abin ji. Masu kushe salon sun laƙaba masa suna da ke nufin kiɗan masu gashi, kuma laƙabin ya bi duk wanda ya yi tashe a shekarun nan, har da waɗanda ba su cancanci a jefa su a kwandon ba.

Ni a kunnena Vandenberg na cikin waɗanda aka yi wa kuɗin goro. Hotunansu na tsakiyar shekarun 1980 sun yi kama da na 'yan Los Angeles, wannan gaskiya ne. Amma jijiyar kiɗan daga Ingila take, daga irin su Free da Bad Company da Led Zeppelin, da ɗan ƙamshin kiɗan gargajiyar Turai a yatsun mai jitar. Idan ana neman 'yan Holan da suka rungumi glam hannu bibbiyu, Sleeze Beez ne, waɗanda kundinsu Screwed Blued & Tattooed ya shiga kasuwar Amurka a 1990.

Akwai kuma ruɗanin suna. Vandenberg daban, Van Halen daban. Eddie da Alex Van Halen a Amsterdam aka haife su, amma tun suna yara iyayensu suka ƙaura da su Kalifoniya a 1962, ƙungiyarsu kuwa ta Amurka ce.

Daga Enschede zuwa rediyon Amurka

Mai sunan shi ne mai kaɗa jita Adrian Vandenberg, wanda sunansa na yanka Adriaan van den Berg ne. An haife shi a birnin Hague a 1954, ya tashi a Enschede, tsohon garin masaƙu da ke gabashin Holan dab da iyakar Jamus. Ya yi karatun zane, kuma bai taɓa ajiye burushi ba. Ƙungiyarsa ta farko da ta fitar da kundi ita ce Teaser, a 1978, ba ta kuwa yi nisa ba. A 1981 ya tara sababbin mutane: Bert Heerink a waƙa, Dick Kemper a jita mai kaurin murya, Jos Zoomer a ganguna.

A lura da wannan, domin a nan tushen rigimar yake. A wurinmu, idan aka ce ƙungiyar wane, mawaƙin ake nufi. Shi ne uban tafiya, makaɗa da 'yan amshi a bayansa suke, ba wanda zai yi tunanin mai kalangu ya raɗa wa tawaga sunansa. A rok abin yakan juye. Adrian ba ya rera waƙa a gaba, amma shi ke tsara kiɗan, shi ke rubuta baitocin, shi ke zana bangon kundi. Muryar da jama'a suka haddace kuwa ta Heerink ce. Wato tun ran gini an raba gidan biyu: suna da alƙalami a hannun wani, murya a bakin wani.

Phil Carson, wani babba a kamfanin faifai na Atlantic, shi ya ɗauke su. Aka kai su situdiyon Sol da ke Ingila, mallakar Jimmy Page na Led Zeppelin, suka naɗi kundin farko tare da furodusa Stuart Epps. Ya fito a 1982 da sunan ƙungiyar. A cikinsa akwai Burning Heart, waƙa mai sanyin tafiya da ke farawa da jitar katako kafin ta lantarki ta shigo, wadda ta kai mataki na 39 a jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari mafiya tashe a Amurka a 1983.

Mataki na 39 zai iya yi wa mai karatu kama da ƙaramin abu. A tuna cewa mutanen Holan a lokacin miliyan 14 ne da ɗoriya. Kasuwar gida ba za ta ciyar da ƙungiyar rok mai nauyi ba, shi ya sa suke waƙa da Turanci suna hangen ƙetare. Kafin su, 'yan ƙasar da suka keta wannan katanga ba su da yawa: Shocking Blue da waƙar Venus a 1970, Focus, sai Golden Earring da Radar Love. Da waƙa ɗaya ta shiga arba'in na sama, tashoshin rediyo sukan buɗe ƙofa, masu shirya wasanni su fara kira. Haka Vandenberg suka zagaya Amurka suna share fage wa Ozzy Osbourne da Kiss.

Kundi na biyu da na uku: inda ƙafa ta fara zamewa

Heading for a Storm ya biyo baya a 1983, da bangon da Adrian ya zana da hannunsa: manyan kifaye masu cin mutane suna shawagi a iska a kan titin da ya ratsa hamada. A ganina wannan ne kundin da mutum huɗun suka fi zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Friday Night ta wasan fili ce, Different Worlds kuwa ƙanwar Burning Heart ce a sanyi da tsari. Japan ta karɓe su sosai, har suka je can a 1984 aka ɗauki wasansu a bidiyo. Sai dai a Amurka, inda kuɗin yake, ba a samu waƙar da ta maimaita abin da ta farko ta yi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya dubi shekarar. A 1983 ne Metal Health na Quiet Riot ya zama kundin metal, wato rok mafi nauyi, na farko da ya hau saman jadawalin Amurka, daga nan kamfanoni suka yi ta ɗibar samarin Los Angeles. Waɗannan suna bakin ƙofar MTV da gidajen rediyo kullum. Ƙungiyar da ke zaune a gabashin Holan sai ta haye teku kafin a gan ta, kuma kowace tafiya kuɗi ce da kamfani zai cire daga cinikin faifai.

Alibi na 1985 yunƙuri ne na biyan buƙatar wannan kasuwa. Aka ɗauko Jaap Eggermont, tsohon mai gangunan Golden Earring da ya zama furodusan waƙoƙin rediyo, aka goge kaushin kiɗan, aka ƙara muryoyin amshi masu taushi. Akwai abin ji a ciki, musamman Kamikaze, wadda babu murya a cikinta sai kiɗa zalla. Amma kundin ya faɗa tsakanin kujera biyu: ya yi wa tsofaffin masoya laushi, bai kuma jawo sababbi a Amurka ba. Heerink ya bar tafiyar, aka gwada wani mawaƙin na ɗan lokaci, zuwa 1987 ƙungiyar ta watse.

Hannun wa ke cikin waƙar?

A nan labarin ya ɗauki wani salo da ke nuna yadda suna da aiki ke rabuwa a wannan sana'a, kuma shi Adrian ya ɗanɗani abin ta fuska biyu.

David Coverdale, jagoran ƙungiyar Whitesnake ta Ingila, ya daɗe yana zawarcinsa, yana ƙi saboda tasa ƙungiyar. Da tasa ta mutu sai ya amsa. Ya iso ana gab da kammala kundin Whitesnake na 1987, wanda ya sayar da sama da kwafi miliyan takwas a Amurka kaɗai. Jitar da ke cikin kundin kusan duk ta John Sykes ce, wanda suka ɓata da Coverdale kafin fitowarsa. Abin da Adrian ya kaɗa shi ne solo na Here I Go Again, tsohuwar waƙar 1982 da aka sake naɗa, wadda ta kai mataki na ɗaya a Amurka a watan Oktoban 1987. Amma a bidiyoyin da MTV ta yi ta nunawa, irin na Still of the Night da Is This Love, fuskar Adrian ake gani yana motsa yatsu a kan kiɗan da Sykes ya yi. Har gobe akwai masu rantsuwa cewa shi ya kaɗa su. Abin ya ƙara cakuɗewa domin akwai wani naɗin Here I Go Again da aka yi musamman don rediyo, wanda Dann Huff ne ya riƙe jita a cikinsa.

Shekara biyu bayan haka reshe ya juye da mujiya. Adrian ne ya zauna da Coverdale suka tsara waƙoƙin Slip of the Tongue na 1989. Ana shirin shiga situdiyo ciwo ya kama masa wuyan hannu, ya kasa kaɗawa. Aka kira Steve Vai ya naɗi jitar kundin. Wanda a jiya aka ga fuskarsa a kan aikin wani, yau ga waƙoƙinsa a yatsun wani. Duk mai sana'ar hannu zai gane zafin wannan. Ya warke ya bi su yawon wasanni na 1990, amma sai a Restless Heart na 1997 aka ji shi daga farko har ƙarshe a kundin da suka yi tare.

Tsakanin nan kasuwar kanta ta rushe. Nevermind na Nirvana ya fito a watan Satumban 1991, zuwa Janairun 1992 ya ture kundin Michael Jackson daga saman jadawali, matasa suka juya wa gashi da ƙyalli baya. Sleeze Beez na cikin waɗanda guguwar ta ci. Manic Eden, ƙungiyar da Adrian ya kafa da tsofaffin abokansa na Whitesnake, Rudy Sarzo da Tommy Aldridge, kundi ɗaya ta fitar a 1994. Daga ƙarshen shekarun 1990 ya koma Enschede ya rungumi zane fiye da shekara goma.

Shari'ar suna da hujjar kowane ɓangare

Sauran ukun ba su zauna ba. Heerink ya yi tashe a gida a tsakiyar shekarun 1990 da waƙoƙi cikin harshen Holan da suka samo asali daga tallan talabijin, daga baya ya yi waƙa da ƙungiyar Kayak. Kemper ya koma aikin situdiyo. A 2004 su huɗun sun sake haɗuwa na ɗan lokaci, aka fitar da tarin tsofaffin waƙoƙinsu da sabon naɗin Burning Heart. Bayan wasu shekaru zumuncin ya tsinke, rikici kan wanda ke da ikon amfani da sunan ya kai kotu a Holan tsakanin Adrian da tsofaffin abokansa uku, hukunci kuma ya ba Adrian gaskiya.

Masu goyon bayansa hujjarsu a fili take. Sunan gidansu ne, da shi aka haife shi. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya rubuta waƙoƙin, hatta tambarin da bangon kundayen aikin hannunsa ne. A ce wani ya hau dandamali da sunan Vandenberg babu Vandenberg a wurin, ai an yaudari wanda ya sayi tikiti.

Masu tausaya wa ukun su ma ba maganar banza suke yi ba. Sunan da aka haifi mutum da shi daban, sunan da ya zama haja daban. Kafin 1982 ba wanda zai biya ko sisi don ya ji Vandenberg. Darajar da sunan ya samu gumin mutum huɗu ne, a motocin haya da ɗakunan otal da dandamalin ƙasashe. Waƙar da ta buɗe ƙofar Amurka da muryar Heerink ta shiga kunnuwa. Kuma tsarin rabon kuɗi a wannan sana'a tun asali ya fi fifita marubuci: duk lokacin da aka sa waƙa a rediyo marubucinta na da kaso na musamman, wanda ya buga ganga ko ya rera ba lallai ya samu irinsa ba. Idan aka hana su sunan kuma, an rufe musu hanyar da ta rage ta cin moriyar ƙuruciyarsu, wato wasa a gaban jama'a da sunan da aka san su da shi.

Ra'ayina shi ne kotu ta yi daidai a kan sunan, domin ba na ganin yadda za a raba mutum da sunan mahaifinsa a ba wasu. Amma daidai a shari'a bai share bashin da ke kan tarihi ba. Kundaye ukun farko aikin ƙungiya ne, kuma duk wanda ya ba da labarinsu kamar na mutum ɗaya ya tauye mutum uku.

Dawowa: 2020 da Sin

Abin lura, da Adrian ya dawo kiɗa bai fara da tsohon sunan tsurarsa ba. Ya kafa Vandenberg's MoonKings da matasan Holan, suka fitar da kundi a 2014, wani a 2017, da na jitar katako a 2018. Abin da ya taka musu birki zai yi wa manomi ma'ana: mawaƙinsu Jan Hoving babban manomi ne, gona kuwa ba ta yarda mai ita ya yi watanni yana yawon ƙasashe.

Sai a watan Mayun 2020 kundi mai taken 2020 ya fito da sunan Vandenberg. Mawaƙin Ronnie Romero ne, ɗan ƙasar Chile da ya yi suna a Rainbow ta Ritchie Blackmore. Rudy Sarzo da mai ganguna Brian Tichy suka taka rawa a situdiyo a matsayin baƙi, Bob Marlette ya zama furodusa. Ya fito a tsakiyar kullen korona, babu halin zagayen wasanni, kafin a buɗe gari kuma Romero ya kama gabansa. Sin na watan Agustan 2023 da Mats Levén na Suwidin aka yi shi, wanda ya taɓa waƙa da Yngwie Malmsteen da Candlemass, tare da 'yan Holan biyu, Koen Herfst a ganguna da Randy van der Elsen a jita mai kaurin murya. Kundayen biyu sun fi na da nauyi da duhu. Babu ɗigon glam a cikinsu, sun fi kusa da rok ɗin Ingila na shekarun 1970 da Adrian ya tashi yana ji.

Abin da ya shafi mai sauraro da ƙaramin makaɗi

Ga mai sauraro, illar ita ce manhaja ta shafe bambancin da bangon faifai ke nunawa. A da kana juya kwalin ka karanta wa ya rera, wa ya buga, wa ya rubuta. Yanzu suna ɗaya ne a sama, waƙoƙi a ƙasa, sai mai naci ne ke tono sauran. Wanda ya ji Burning Heart ya so ta, ya sayi tikitin Vandenberg a yau, zai ga mutumin da ya rubuta ta kuma ya kaɗa ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muryar da ya sani ce ba zai ji ba, kuma ya kamata ya san haka kafin ya biya.

Ga masu sana'ar kuwa, matsalar ba ta Holan kaɗai ba ce. Waƙoƙi nawa muke ji a wayoyinmu da muka san mawaƙin, amma ba mu taɓa jin sunan yaron da ya kwana a situdiyo yana haɗa kiɗan ba, ko 'yan amshin da suka ɗaga waƙar? Lokacin da ake abota ba a kawo maganar takarda, kunya takan hana. Sai suna ya yi daraja ake tuna ba a rubuta komai ba, a lokacin kuwa zumunci ne ke fara biyan kuɗin.

Wanda ke son ya auna muhawarar da kunnensa yana da hanya mai sauƙi, domin kundin 2020 na ɗauke da sabon naɗin Burning Heart. A saurari na 1982, a bi shi da wannan. Romero ya fi ƙarfin huhu, muryarsa na da tsatsa da gurnani, naɗin ma ya fi cika kunne. Heerink kuwa siririyar murya ce mai tsabta, yana rerawa kamar mai gudun kada waƙar ta fashe a hannunsa, kuma ita nake komawa in saurara. Da aka iso gurbin solo sai bambancin ya ragu: yadda ake jan tsirkiya a hankali, a riƙe sauti ɗaya har ya yi rawa kafin a sake shi, hannu ɗaya ne a naɗin biyu, na ɗan shekara 28 da na ɗan shekara 66.